Mushe Rabe, Maƙiyin Kujera

Duk wanda ya yi istaj, wato koyon aiki, a hannun malaminmu Mushe Rabe, ka ce masa "kujera" ka gani, sai ya dafa gwiwarsa. Ku da kuka san shi kun san dalili. Ranar da aka damƙa masa ɗakin kine, inda ake gasa gaɓɓan masu karaya da shanyewar jiki ana koya musu motsi, abin da ya fara yi shi ne kwashe kujeru ya jibge su a baranda, ya shimfiɗa tabarmi. Darasi a tsugune, duba majiyyaci a tsugune, furar rana ma a tsugune. Mu da muka fito daga lakol, makarantarmu ta Maraɗi, da fararen riguna sun sha guga, sai ga mu zube a ƙasa kamar masu sayar da yakuwa. Wani ya yi ta maza ya tambayi dalili.

"Majiyyacinka kujera gare shi gida?" in ji Mushe. "Tabarma gare shi. Bisa ita shika kwana, bisa ita shika cin tuwo, bisa ita shika salla. In ka koya mai tashi daga kujera, ka warkad da shi ga kujerar gwamnati. Tsugunna!"

To wannan mutumin ne ciwo ya zo ya ɗaure a kujera a ƙarshen rayuwarsa, kuma ni Isufu, da na fi kowa shan faɗansa, ni aka ɗora wa aikin sauko da shi. Zan zo wurin. Ku bar ni in fara da tsohuwar gajiya, don har yau ban gama huce ta ba.

Tambayarsa ɗaya ce, amma ta fi bulala ciwo: "Daga nan sai ina?" Majiyyacina na farko wani manomi ne daga bayan Gazawa, Malam Habu, amalanke ta take masa ƙafa. Na tsara aikina tsaf, na tsuguna gaban Mushe ina zayyano masa.

"Za mu fara da gashi, mu saki gwiwar."

"Daga nan sai ina?"

"Mu ƙarfafa cinya."

"Daga nan sai ina?"

"Mu koya masa tafiya da sanduna, mu sallame shi."

"Daga nan sai ina?"

"Gida mana, Mushe!"

"Ka ga gidan?"

Wayyo Allah! Ranar kasuwa ya cusa mu a mota, mu da buhunan wake, har Gazawa, sauran tafiyar a ƙafa cikin rana. Da muka isa gidan Malam Habu, sai ya miƙo mini sandunan da na zaɓa da kaina, ya ce in naɗe ƙafa ɗaya in taka daga zaure zuwa bayan gida. Tsakar gidan nan rairayi ne zalla. Na dogara, sanduna suka lume, na tafi luu, sai ga ni a kife da farar rigata. Matan maƙwabta suna leƙe ta saman darni suna dariya har da tafi. Mushe ya tako, ya tsuguna daidai kaina.

"Daga nan sai ina?"

"Sai lahira, Mushe," na ce, bakina cike da ƙasa.

Ko murmushi bai yi ba. Ya sa aka nemo tsohuwar taya, ya yanka ta da faɗi, ya buga a gindin sandunan, ya ce in sake. Da sandunan nan Malam Habu ya yi ta zuwa gona har ya yar da su.

Maƙo kuwa, kada ku tuna mini! Wasu baƙi sun taɓa kawo mana injin tafiya, mai bel da ke gudu a ƙarƙashin mutum. Muna ta murna. Mushe ya zagaya shi, ya tambayi ko akwai mai irinsa a Cadawa. Aka ce babu. Daga ranar injin ya zama wurin shanya kuɓewarsa. Kayan aikinsa turmi ne da taɓarya, da guga mai igiya da ya rataya a reshen bishiyar bedi, da wata hauya da ta girme mu duka. In ya tambayi majiyyaci abin da yake son komawa yi, sai ya ɗauko abin ya ce a gwada a gabansa.

Kun tuna Inna Hajo ta Cadakori, mai ciwon kafaɗa? Mariyama, 'yar ajinmu, ita ke kula da ita. Ta yi tsari mai kyau, a ciki har da cewa Inna ta bar daka sai kafaɗar ta lafa.

"Wa zai yi mata dakan?" in ji Mushe.

"Ban tambaya ba."

"To gidan su ci tsarinki da miya."

Ya aika aka kira mijin, wani dattijo mai carbi, wanda ya zo yana cewa shi fa furar inji ba ta shiga cikinsa. Mushe ya zuba hatsi a turmi, ya miƙa masa taɓarya da hannu biyu, cikin ladabi.

"Baba, taimaka muna. So nike yaran ga su ga yadda kahwaɗa mai lahiya ke aiki."

Dattijo ya naɗe hannun riga. Bai kai ko'ina ba ya fara haki, hula ta faɗi, carbi ya shige turmi. Ya jingina taɓarya da bango, ya share zufa.

"Likita, ashe inji ma albarka gare shi."

Mushe ya juyo gare mu. "Kun gani? Kahwaɗa ta matar, magani ga mijin."

Haka muka gama, muka watse. Ni aiki ya kai ni wajen Agye, har na samu nawa ɗaliban da nake tsugunar da su suna zagina a ciki. Rannan sai 'yar Mushe, Zuwaira, ta kira ni. Hawan jini ya kayar da Baba, ɓarin hagu ya shanye, an mai da shi ƙauyensu kusa da Gidan Rumji, kuma ya ce ba wanda zai taɓa shi sai "wancan mai cin ƙasa".

Na same shi a kan farar kujerar roba, yana salla da ka. Wallahi da na ga haka sai da na koma zaure na tsaya tukuna. Da na dawo na tsuguna, na yi masa tambayar da ya koya mana.

"Mushe, me kake son komawa yi?"

Bakin ya karkace, maganar da ƙyar take fita. "Goshina ƙasa."

Ban taɓa samun majiyyaci mai wahalarsa ba. In na kama hannunsa ya ce ba nan ake kamawa ba. In na ce a huta ya ce ragwanci, in na ce a ƙara ya ce so nake in kashe shi in gaji hauyar. Duk ƙarshen mako ina kan hanya, Agye, Cadawa, Maraɗi, Gidan Rumji, a matse tsakanin awaki da buhuna, in je a kira tsarina "shirin ɗan lakol", in juyo. Na gaji, jama'a, gajiya ta gaske. Akwai ranar da na zauna a tasha na ce daga yau an gama. Sai kujerar robar nan ta faɗo mini a rai, na tashi na hau mota.

Muka bi abin daki-daki: juyi a shimfiɗa, zama, durƙuso yana dafe da turmi da muka kife masa a gefen dama. Na koya wa Zuwaira abin da za ta yi ran da ba na nan. Damina ta wuce, aka yi girbi. Wata rana gab da la'asar na ce mu gwada. Ya durƙusa, ya dafa, ya yi ƙasa a hankali, har goshinsa ya taɓa tabarma. Ya daɗe a haka har Zuwaira ta fara salati. Can sai muka ji murya daga ƙasa.

"Isuhu."

"Na'am, Mushe."

"Daga nan sai ina?"

"Hannun dama bisa turmi, ni ina riƙe da hagu, ka ɗago ka zauna. Gobe Zuwaira ce a hagu. In an kwana biyu, turmi kaɗai."

Ya ce, "To, ka iya." Tunda na san shi ban taɓa jin ya faɗa wa wani haka ba. Na miƙa hannu zan ɗago shi, ya ce, "Bar ni tukuna. Na daɗe ban zo nan ba."

Da ya tashi ya yi alwala, ya yi la'asar ɗinsa a tabarma, sannan ya sa aka fitar da kujerar, kaji suka gaje ta. Bai sake salla a zaune ba har ranar da Allah ya karɓi abinsa.

Da muka gama rufe shi, na tsaya a bakin kabarin, tambayar nan tasa ta zo mini, kuma a karon farko ba ni da tsarin da zan ba shi. Ya Allah, bawanka Rabe ya tayar da bayinka da yawa daga tabarma, shi kuma bai roƙi komai ba sai ya kai goshinsa ƙasa dominka. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka sa daga nan sai Aljanna. Amin.