Kawu Sale da Kwaɗin Safa

Duk wanda ya zauna a unguwar Sa'alaba da ke Jidda ya san rigar Kawu Sale. Rawaya shar, ko ja kamar barkono! Mutumin da tun da ya zo Umara bai koma ba, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, sa'o'insa na saka farar jallabiya suna bin gefen bango don kada a tasa ƙeyarsu gida, shi kuwa daga nesa kake hango shi.

Kwaɗi ne suka ɓata mana shi. A wani shagon dabbobi a unguwar Safa yake aiki, yana ba wasu 'yan mitsi-mitsin kwaɗi ƙudaje. Daga dazukan Kudancin Amurka aka kawo su, ba su fi kan babban yatsa ba, ga launi kamar an yi musu fenti.

Na ce, "Kawu, don Allah ka sauya riga, za a kama ka."

Ya ce, "Kai yaro ne. Kwaɗo mai dafi ba ya ɓuya. Tsuntsu na ganin launin nan zai ce halas, ya nemi wani."

Ranar da masu kame suka shigo unguwa, maza har da hawa rufi. Kawu ya fito da kujera ƙofar gida, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana kurɓar shayi. Wallahi sallama suka yi masa suka wuce!

Na ce, "To kai ina naka dafin?"

"Na shagon ma ba su da shi! Tururuwar dajinsu suke ci ta zame musu dafi, a nan kuwa sai ƙuda. Amma ka ga wanda ya yarda ya lasa?"

Da ciwo ya fara cin sa, abokai suka matsa ya miƙa kansa a mai da shi Kano. Ya dube mu, mu 'ya'yan ƙanwarsa marayu da yake riƙo, ya ce uban kwaɗon nan goya talibambam yake yi har sai ya kai su ruwa.

"Na kai waɗannan? To ba inda za ni."

Bai je ba kuwa. A ƙasar Jidda muka binne shi, yanzu sai masu kamen su zo su fitar da shi mu gani. Allah Ya jiƙanka Kawu, Ya ba ka mazaunin da ba a tambayar kowa takarda.