Aljanin da Ya Shiga Rumbunmu

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da ranar da aka kusa yanka mini akuya saboda gitar ba.

Bayan an gama yaƙin Jamus ne kawuna ya dawo garinmu Allakaye daga soja, da ƙaton takalmi da bargo da wani abin kiɗa mai dogon wuya, ya ce sunansa gitar. Mu gurmi da goge muka sani. Ina saurayi lokacin, gemu ya fara tsirowa, kuma tun da na ji ya kaɗa ta hankalina bai sake kwanciya ba. Na yi ta binsa har ya nuna mini inda ake danna yatsu, ya ba ni aronta.

Matsalar ita ce Baba. Mu manoma ne, ba mu gaji kiɗa ba, kuma ya sha faɗin ɗansa ba zai zama maroƙi ba. Sai na samo dabara. In rana ta take kowa ya nemi inuwa, sai in hau babban rumbunmu na laka, in zura ciki, in ja murfi. Abin da ban sani ba shi ne rumbu kumbura sauti yake yi. Ni a ciki ina jin kaina gwani, a waje kuwa abin da ke fita kamar kyanwa ce ta faɗa rijiya.

Rannan ina cikin fama da yatsu sai na ji muryar Inna dab da rumbun. "Wallahi Kaka, kullum war haka shika hwara kuka." Kaka wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu, gidansu sun daɗe da bori kafin su kama salla. Na ƙame, ko numfashi ba na yi. Kaka na kara kunne a jikin rumbu, gwiwar hannuna ta goga tsirkiya, ta ce gwarrr! Na ji mata sun watse da salati.

"Na gane shi," in ji Kaka. "Wanga aljanin bisa dutsi ne, yunwa ta koro shi. Baƙar akuya shika so."

Baƙar akuya ɗaya ce a gidan, kuma tawa ce, ga ta da tsohon ciki. Baba ya ce malam za a kira, ba ruwansa da yanka. Inna ta ce hatsin shekara ba abin wasa ba ne. Suna cikin gardama na ji akuyata tana kuka ana jan ta, wani kuma yana wasa wuƙa.

Ban san sa'ad da na ture murfi na leƙo ba, ƙaiƙayi ya rufe ni fari fat har gira. Ihu ya tashi. Kaka da ba ta tafiya sai da sanda, ranar ita ta riga kowa kaiwa ƙofar gida.

"Inna, ni ne! Ku sakar mini akuya!"

Baba kaɗai bai motsa ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Sabko. Mi ka riƙe nan?"

"Gitar ce, Baba."

"Kaɗa in ji."

Na tsuguna a gabansa, na kaɗa iyakar abin da na iya. Ya saurara har ƙarshe, ya shafa gemu. "Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta. Wanga ba shi zama maroƙi. Ko zangarniya guda babu mai ba shi."

Dariyar da aka yi mini ta kai har kasuwar Buza. Amma daga ranar ya bar ni ina koyo a gindin itacen bedi bayan gida, masu wucewa suna tsokanata, wasu suna gyara mini, har hannuna ya faɗa.

Abin da na koya shi ne, in za ka koyi abu, koye shi a fili. Dariyar mutane tana da zafi, amma ba ta kai abin da za su ƙirƙiro a kanka in ka ɓuya ba.