Yashin da Inna ta shanya

A gidanmu na unguwar New Bell, idan rana ta leƙo bayan ruwan damina, komai waje yake fita: katifa, takalma, littattafai, har hular Baba. Inna ba ta yarda da duhu ba. Duk abin da ya kwana biyu a ɗaki, ita a wurinta ya fara funfuna.

Shekarar da nake ƙarasa karatun ilimin duwatsu, na je gindin Dutsen Kamaru na ɗebo yashi daga ƙarƙashin tsohon aman wutarsa. Cikin bututun ƙarfe uku na zuba shi, na liƙe bakinsu da baƙin salatif. Ƙwayoyin farin dutsen da ke cikin irin wannan yashi suna tara wani ƙarfi a hankali muddin suna binne. A ɗakin gwaji ake auna abin da suka tara, a san shekara nawa ke nan rabonsu da haske. Rana na taɓa su, lissafin ya goge. Digirina kaf a kan bututun nan uku ya rataya. Na tura su ƙarƙashin gado, ban yi wa kowa bayani ba, don a ganina wa zai gane?

Ran Asabar ruwa ya shigo mana ɗaki. Ran Lahadi na dawo daga unguwar Akwa na tarar da Inna a tsakar gida, ta baza yashina a kan babban tirenta, tana juya shi da hannu don ko'ina ya samu rana, tana korar kaji.

Na yi mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba.

"Mais ai jiƙewa ya yi, ma fille, 'yata," in ji ta. "Na ce kar kayan makarantarki su lalace."

Na zauna a bakin rijiya, ina kuka ina yi mata bayanin da ya kamata in yi tun farko. Ta saurara har ƙarshe.

"To yanzu shekararsa nawa?"

"Wuni ɗaya, Inna."

Kunya ta kama ni, har yau ba ta sake ni ba.

Sai da na ƙara wata shida na koma dutsen. Kafin in tafi ta ɗinka mini jakunkuna da baƙin yadi, ninki uku, ta ɗaga kowace ga rana ta duba ko haske na ratsawa. Da su na gama. Ita kuwa ba ta ga damina ta gaba ba.

Yashin tiren nan ban zubar ba. A ranar na mayar da shi bututu ɗaya na liƙe. Yana cikin jakar da ta ɗinka mini, a saman kwabata a gidana na unguwar Kotto, yana ƙirge tun daga yammacin da hannunta ya juya shi. Na san yadda ake auna shi, amma sai an buɗe.