Muryar Baba a Akwatin Yaya

Yayanmu manomin rake ne a wani ƙauye kusa da Gubuchi, kuma a harkar gona ba shi da abin zargi. Ciwonsa ɗaya ne, kunne. Shi dai ya yarda Allah ya ba shi kunnen da bai ba kowa ba a duk ƙasar Makarfi. Zai je Kano ya sayo 'yan fanel ɗin amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, masu araha, waɗanda ba su fi tafin hannu ba, ya dawo ya baje a zaure da ƙarfen narka dalma, ya ciccire kayan da kamfani ya saka, ya liƙa nasa. Wai masu kamfanin ba su san sauti ba. Mutanen da suka ƙera abin tun daga wata uwa duniya ba su sani ba, sai Yaya mai tukunyar mazarƙwaila!

Yana da abokan cuta biyu, wani tela daga Kudan da wani malamin asibiti mai ritaya daga Ikara. Duk Juma'a bayan masallaci suna zaurenmu. Tun ina budurwa nake kai musu ruwa, kuma wallahi ban taɓa jin sun saurari waƙa ɗaya ta kai ƙarshe ba. Za su kunna, su rufe ido, su karkatar da kai, makaɗi bai gama gyara zama ba tela zai ɗaga hannu ya ce, "Tsaya! Akwai ƙura a sama." Malamin asibiti ya ce shi a ƙasa yake jin rami. Sai a kashe, a kwance akwatin amfilifayar, a sake hura dalma. Abin da suke bauta wa shi ne bes, wato wannan gurnanin da ke sa kwanon rufi rawa. In ƙirjinka bai girgiza ba, a wurinsu ba a kunna komai ba.

Mu dai dariya muke yi musu, har shekarar da Baba ya rasu.

Baba mutum ne dogo mai kwarjini, amma muryarsa siririya ce, 'yar tsit, in yana faɗa daga bayan katanga sai ka rantse wata tsohuwa ce ke korar kaji. Bayan an yi arba'in ina duba wayata a gidana na Ikara, sai na ci karo da wani saƙon murya da ya taɓa turo mini. Na yi kuka na more, sannan na hau mota na kai wa Inna. Matsalar ita ce kunnen Inna ya yi nauyi. Na manna mata wayar, ta runtse ido, ta daɗe, sannan ta ce ba ta jin komai sai kamar kukan sauro. Ta share fuska da gefen zani. Da yake Yaya ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta ce mini, "Ki faɗa wa wancan na zaure ya sa mini a akwatinsa. Ko sau ɗaya ne in ji."

Na ɗauka aikin yini ne. Ina! Yaya ya dafe ƙirji ya ce muryar mahaifinsa ba za ta bi ta cikin kayan banza ba, sai ya haɗa akwatin da ba a taɓa yin irinsa ba. Aka fara jiran wasu 'yan kayan lantarki da ake kira kafasita daga Kano. Suka zo, tela ya shinshina su ya ce jabu ne. Aka jira wasu. Da aka liƙa su, malamin asibiti ya ce sabuwar kafasita ɗanya ce, sai an bar ta tana aiki kwana da kwanaki kafin ta nuna. Yaya ya kai akwatin ɗakin ajiya, ya haɗa da batirin sola, ya kulle ƙofa. Buhunan masara suka yi ta shan kiɗa safe da yamma, Inna kuwa tana tsakar gida tana jira.

Duk zuwan da na yi sai ta tambaye ni ko an gama. Ranar da ta daina tambaya ne raina ya ɓaci. Na same shi a zaure na ce, "Yaya, don girman Allah, Inna ce za ta ji ko tela?" Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa marar lafiya, ya ce ba laifina ba ne, ba ni da kunne.

Sai da aka fara saran rake sannan aka sa rana. Da hantsi Yaya ya shigo da akwati, shi da lasifika mai faɗin faifai, ya girke a gaban tabarmar Inna. Abokansa suka tsaya a zaure, tunda ba sa shiga cikin gida, suka kasa kunne ta jikin bango. Inna ta yi wanka, ta saka atamfar da take fita unguwa da ita. Ganin haka ya kusa sa ni hawaye.

Yaya ya danna. Wata murya ta fito, ƙatuwa, mai kauri, ta yi sallama. Kwanukan da ke kife a gindin randa suka amsa. Daga zaure na ji tela yana cewa, "Allahu Akbar! Ka ji ƙasa?" Inna ta ji, wannan karon kam ta ji sarai. Sai ta jawo mayafinta ta rufe kai, ta kawar da fuska gefe.

"Wane ne wannan kuka shigo mini da shi?"

Yaya ya ce, "Inna, Baba ne."

"Kashe. Ni ban san wannan mutumin ba."

Na ce masa ya rage bes ɗin mana. Ya tsaya yana kallon akwatin. Ashe tuni ya cire maɓallan ragewa da ƙarawa ya toshe gurbinsu, don a mazhabarsu mai kunne ba ya murɗa komai, sauti ɗaya ne na gaskiya. Inna ta tashi ta shige ɗaki. Ban taɓa ganin fuskar Yaya ta faɗa haka ba, har na ji kunyar zagin da na tanadar masa.

Washegari ya hau babur ya tafi Makarfi, ya dawo da sabon fanel, mafi arha a shagon, irin wanda ya saba kira shara. Bai taɓa shi da dalma ba sai inda waya za ta shiga. Ya ciro 'yar lasifika daga wata matacciyar rediyo, ya ɗora su a murfin kwano haka nan tsirara, ya kai bakin ƙofar Inna ya durƙusa. Babu tela, babu malamin asibiti.

Muryar ta fito siririya, tana ɗan shaƙewa, da ƙara sosai. Baba ya yi sallama, ya tambayi yara, sannan ya shiga abin da ya sa ya turo saƙon: "Ki faɗa wa uwarki, tunda ni ba ta jin maganata, ta daina fita tsakar gida ba takalmi da sanyin safiya. Ƙafar nan tata ba ta warke ba."

Labule ya motsa. Inna ta leƙo, ba mayafi, ta dubi murfin kwanon.

"To, Malam, ai na ji," ta ce. "Sai ka kai ƙarata har Ikara?"