Dangwalen da Na Yi wa Goggo

Duk abin da zan manta a rayuwata, ba na jin zan manta ranar da Goggo ta tsayar da ni a gaban mutanen Matameye ta ce in goge sunanta daga takarda. Shekaru sun ja, amma har yau in na ga tawada a babban yatsana sai ranar ta dawo mini.

A shekarar ne labari ya bazu cewa za a kwaso fursunonin da aka yanke wa hukuncin kisa daga wani kaso mai nisa can wajen Yamai, a kawo su gidan kason da ke kusa da mu. Gari ya ɗauki zafi. Kason namu mun saba da shi, ɓarayin awaki ne a ciki da masu faɗan iyakar gona. Amma masu kisan kai? Ga shi rani ne, rabin mazan gari suna Kano da Legas wajen neman abinci, gidaje sai mata da yara. In ɗaya ya haura katanga fa? Ni kuwa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ina jin Faransanci, ga ni da son a ce ni na yi. Sai dattawa suka ɗora mini rubuta takardar ƙin amincewa, in bi gida gida kowa ya dangwala yatsa.

Layin farko na ware wa Goggo, ƙanwar mahaifina. Cikin waɗanda za a kawo har da wani mutumin Dawce, wani gari kusa da mu, wanda ya kashe ɗanta ɗaya tilo a hanyarsu ta dawowa daga cin rani, kan abin duniya da bai taka kara ya karya ba. Marigayin taubashina ne, tare muka tashi muna tsokanar juna, don haka ni ma zuciyata ba ta huce ba. Da na je gidanta aka ce tana barci, ƙafa ta matsa mata. A wajenmu in tsoho bai samu fitowa ba, nasa yakan dangwala masa, ba wanda ke ɗaukar wannan laifi. Na rubuta sunanta, na shafa tawada na danna yatsana. Wa zai tsaya tambayar uwar wanda aka kashe?

Ranar taro aka cika ƙofar fada maƙil, ga wani babban ma'aikaci da aka turo daga Damagaram ya saurari kokenmu. Na miƙe na karanta takardar da Faransanci, na maimaita da Hausa, har da ɗaga murya. Sannan na jefa abin da nake taƙama da shi. Na ce a duba sunan farko, uwa ce da aka raba da ɗanta, shin adalci ne a kawo mata wanda ya kashe shi ƙofar gida?

Ban rufe baki ba sai na ga mutane suna darewa. Goggo ce tafe tana dogara sanda, ɗaya hannun riƙe da wata ramammiyar tsohuwa mai laluben hanya. Na san fuskar. Na sha ganinta zaune a tsakar gidan Goggo ranar kasuwa, na ɗauka mai tallar daddawa ce.

"Kai ɗan nan," in ji Goggo, "yaushe na ba ka aron yatsana?"

Na ce, "Goggo, ai barci kike, na ga bai kamata in tashe ki ba."

"To na farka. Goge."

Ta juya wajen dattawa ta ce wannan da ta riƙe ita ce ta haifi mutumin Dawcen. Ashe tun bayan rasuwar ɗan Goggo tsohuwar take zuwa gaisuwa kowace ranar kasuwa. Da farko korarta aka yi, sai ta riƙa zama a bakin zaure har la'asar ta tashi ta tafi. Sai da aka shekara Goggo ta aika mata da ruwa, daga baya ta ce ta shigo.

"Nawa yana kwance bayan gari," in ji Goggo, "a gabana aka yi masa sutura, na san inda yake. Ita shekara tara ba ta sa nata a ido ba, ba ta da ƙarfin zuwa inda yake, ga idon nata yana tafiya. In kun hana a kawo shi, sai dai su haɗu a lahira."

Wani Alhaji daga bayan taro ya ce, "Hajiya, kin yafe masa ke nan?"

"Ban ce ba, Alhaji. Ni da shi akwai ranar da Allah zai zaunar da mu. Amma ita wa ta kashe?"

Na tsaya da takarda a hannu kamar an dasa ni, kunya da mamaki sun rufe ni. Na ja layi a kan sunanta. Wata mata ta matso ta ce a goge nata, wani tsoho ya bi. Ba kowa ba, gaskiya, wasu sun tafi suna gunaguni, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Amma daga ranar maganar ta koma ta ƙara tsawon katanga da yawan masu gadi.

Bayan girbi aka kawo su. Ranar ziyara ta farko Goggo ta sa na nemo amalanke na raka su biyun har bakin kaso. Ta miƙa wa tsohuwar ƙwaryar fura ta ce, "Ke na dama wa, ba shi ba. In kin shiga ki ba wanda kika ga dama." Ita kuwa ta zauna gindin dogonyaro, ta juya wa ƙofar baya, tana jan carbi hawaye na bin kuncinta.

Da tsohuwar ta fito, ƙwarya ba komai, ta durƙusa kusa da Goggo ta ce, "Na gan shi, Hajiya. Sai da na matsa dab da fuskarsa. Har ya yi furfura."

Goggo ta share hawayenta. Can ta ce, "Da nawa ma yanzu ya yi."

Tun daga ranar ban sake dangwala wa kowa yatsa ba, ko da matata ce. Na ɗauka don mun yi kuka ɗaya da Goggo na san abin da ke ranta, ashe da ƙaramin mudun zuciyata nake auna tata. Abin da na koya shi ne, mai ciwo shi ya san inda ciwonsa ya kai shi, kuma ko barci yake a jira ya farka a tambaye shi.