Wanda Ya Dawo Daga Tsibiri

A gidanmu na unguwar Shehuri, tatsuniya ba ta farawa sai Kaka ta zuba turaren wuta a kasko. Da an idar da magariba mukan kewaye ta, ni da ƙanena Modu da 'ya'yan maƙwabta, garwashi na ja a tsakaninmu. Takan soma da Kanuri, in ta ga mun yi zuru sai ta juya Hausa tana mita, wai an haifa mata jikoki masu kunnen aro. Hausar tata ma a karkace take, amma wa ya isa ya yi dariya, ga muciya kusa da hannunta.

"Ga ta nan," takan ce, "wanda ya yi gyangyaɗi babu rabonsa."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta masuntan bakin Tafkin Chadi. Wai akwai wani tsibiri da kowa a garin ya yarda duk wanda ya shiga ba ya dawowa. Sun ƙirga mutum arba'in, babu ko ɗaya da ya komo. Saboda haka da kwalekwalen mutum ya ɓace ta wannan fuska, sai a yi masa addu'a, a raba komarsa, uwarsa ta yi kukanta ta share hawaye. Rannan sai ga wani ya fito daga cikin ciyawar ruwa, gemu har ƙirji, ya ce shekararsa bakwai a can. Mu yara nan muke tafi. Modu har tsalle yake yi, shi a dole shi ne mai gemun.

Kaka takan bari mu gama murna, sannan ta ce, "Mutum ɗaya ya ƙaryata gari guda. Amma uwa ɗaya ce ta haife shi. Sauran uwayen fa?" A nan take yanke wutsiyar labarin, mu kuwa ba mu taɓa tambayar sauran ba.

Yau lissafi nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Nakan rubuta uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya. Nan da nan ɗalibai su ce ai dukkansu mara ne, babu cika a ciki. Sai in rubuta biyu. Ina son shirun da ke biyo baya. Nakan gaya musu misali dubu ba ya tabbatar da hasashe, amma misali ɗaya ya isa ya rushe shi. Da farin ciki nake koyar da wannan darasi, kafin ya biyo ni gida.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Modu ya tafi Baga sayo banda. Ba a ga motar da ya shiga ba, ba a ga gawa ba. Mama ta yi jira har idonta ya soma dushewa. Da ƙyar yayanta, Kawu Goni, ya shawo kanta ta yarda cewa waɗanda 'yan bindiga suka tare a wannan hanya ba sa dawowa, aka sa ranar addu'a. Na ga ta fara cin abinci sosai, har tana tsokanar jikoki. Saura kwana huɗu, sai ga ɗan wata tsohuwar maƙwabciyarmu da ta koma unguwar Maisandari, wanda shi ma aka tare a wannan hanya, ya dawo, ƙashi da rai, bayan an daɗe da fid da rai da shi. Na je barka, kuma Allah ya gafarta mini, da baƙin ciki na fito.

Mama ta kira ni ɗakinta. "Yagana, ke da kika yi boko, gaya mini gaskiya. Ana dawowa?"

Na san abin da dawowar yaron ta rushe, na kuma san ba ta tabbatar da komai a kan Modu ba. A aji, minti biyar ya ishe ni bayanin wannan bambanci. A gaban Mama na kasa, ƙarya kuma ba zan yi mata ba.

"An taɓa dawowa, Mama."

"To, ki ce wa kawunki ya dakata."

Shekara uku ke nan yana dakatawa. Sai yanzu na gane abin da ya sami sauran uwayen: dā suna da makoki, mutum ɗaya ya zo ya ƙwace musu shi, bai ba su komai a madadinsa ba. Mama ta daina tashi daga gado. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida, sai ta sa a yi shiru ta ji muryar.