Babin da Na Riƙa Tsallakewa

Shekaru sun ja, ido ya yi rauni, abubuwa da yawa sun fice mini daga kai. Amma akwai wata ranar azumi da na tabbata ba za ta rabu da ni ba har in koma ga Mahaliccina. Na nemi izinin mai abin kafin in rubuta, ta ce in rubuta, ko wani uba zai amfana.

A lokacin ina karantar da fiƙihu a zauren gidanmu da ke Ƙofar Marke, a kan buzun da mahaifina ya zauna. Hanyar karatunmu sananniya ce: ɗalibi ya karanto Larabci, malam ya fassara masa kalma bayan kalma. Sai dai ina da wata ɗabi'a da na ɗauka ladabi ce. Idan muka iso babin jinin haila da wankan janaba, kuma akwai masu ƙananan shekaru a zaune, sai in ce, "Juya takarda, wanga babi sai kun girma." Magidanta kuwa sukan zo mini da tambayoyin matansu a kan kwanakin jini, in warware musu dalla-dalla, su tafi suna sa albarka.

Ina da ɗiya, ita ce ta fari. Bisa al'adarmu, ni da mahaifiyarta muna jin kunyarta: ba mu kiran sunanta, ba mu zama hira da ita. Tun daga yaye mahaifiyata ta ɗauke ta, a ɗakinta take kwana, kuma kowa ya san duk abin da ya kamata a gaya wa ɗiya mace, kakarta ce za ta gaya mata. Allah ya karɓi ran tsohuwa yarinyar tana da shekara goma sha biyu. Aka yi zaman makoki, aka raba tufafinta da kwanukanta, amma babu wanda ya tuna da aikin da ta bari, balle a ce wane ne zai gaje shi.

Shekara ta kewayo, azumi ya faɗo cikin tsananin zafi. Ranar nan bayan la'asar ina zaure, ina yi wa ɗalibai bayanin waɗanda aka sauƙaƙa wa azumi, sai na ji salatin mahaifiyarta daga cikin gida. Na tarar da yarinyar kwance kusa da turmi, gero ya watse, leɓɓanta sun yi fari. Muka sa ta a keke napep zuwa asibiti. A hanya na riƙe hannunta, na ji shi da sanyi kuma ba nauyi, sai na lura rabona da riƙe hannun nan tun tana rarrafe.

Likitar da ta duba ta mace ce, ba za ta girmi ɗalibaina ba. Bayan an ɗaura ruwa, ta kira mu gefe, ta rusuna ta gaishe ni, sannan ta ce, "Malam, yarinyar ga wata huɗu ke nan da fara al'ada, kuma jinin yana zuba fiye da ƙima. Jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata. Tsummokaran da take amfani da su kuma ba ta shanya su a rana, ƙarƙashin katifa take ɓoye su da danshi, har sun sa mata ciwo. Wa ke yi mata bayani a gida?"

Na dubi mahaifiyarta, ita ma ta dube ni. Ta ce a hankali, "Ni na ɗauka Inna ta gaya mata tun kafin ta rasu."

Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Da tun watan farko anka kawo ta, da magani kaɗan ya isa. Yanzu ma in sha Allah za ta tashi. Amma akwai abin da ke cinta wanda ba ni da maganinsa. Malam, kai ya kamata ka shiga."

Na shiga. Da ganina ta juya fuska ga bango, tana kuka. Kafin in buɗe baki ta ce, "Baba, wallahi ba wanda yat taɓa ni."

Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba. A hankali ta gaya mini cewa wata ƙawarta a makaranta ce ta ce mata jini ba ya zuwa sai ga yarinyar da ta lalace. Wata huɗu tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tana salla, tana istigfari a kan laifin da ba ta aikata ba, tana azumi jiri na ɗibarta, duk don kada a ce ɗiyar malam ta zubar masa da mutunci. Amsar kuwa tana nan a zaure, taku kaɗan daga ɗakinta, cikin takardun da nake cewa a juya.

Na zauna a bakin gadon, na kira ta da sunanta. Wannan ne karo na farko da ta ji shi daga bakina, har ta waiwayo don ta tabbata. Na gaya mata da Hausa, ba tare da na fake da Larabci ba, cewa wannan abu halitta ce da Allah ya tsara wa mata, mahaifiyarta tana yi, kakarta ma ta yi. Na ce a kwanakin nan an ɗauke mata salla, azumi kuma sai daga baya ta rama, kuma idan jini ya zarce ko ciwo ya yi tsanani, asibiti ake zuwa, ba ɓoyewa ake yi ba.

Sai ta ce, "Baba, ashe duk yunwar ga da nis sha, sai na rama?"

Na yi dariya hawaye na zuba a gemuna. Na ce, "Sai kin rama, amma ni ma zan taya ki, don laifin nawa na."

Aka gwada jinina ya dace, aka ƙara mata. Bayan kwana biyar muka koma gida. Ranar da aka koma karatu bayan ƙaramar salla, na sa aka buɗe babin nan, na fassara shi tun daga farko har ƙarshe, matasa suna sunkuyar da kai, ni ma gumi na keto mini. Wani dattijon abokina ya ce, "Malam, ba ka ganin ana buɗe wa yara ido?" Na ce masa idonsu a buɗe yake, abin tambaya shi ne wa zai fara yi musu magana, mu ko ƙawaye da waya. Na kuma roƙi wata malama da wata ma'aikaciyar jinya su riƙa zama da 'yan matan unguwa a cikin gida, ɗaya ta ɗauki hukunci, ɗaya ta ɗauki lafiyar jiki.

Abin da na koya shi ne, kunya ado ce, kuma har gobe ina koyar da ita. Amma matan farko na wannan al'umma sun yi tambaya a kan jikinsu, aka amsa musu, ba a ce su jira su girma ba. Shirun da ke barin yaro cikin tsoro da ciwo ba kunya ba ce, sakaci ne da muka yi wa rawani. Duk uban da ke jin wani ya riga ya gaya wa ɗansa ko ɗiyarsa, ya tashi ya tabbatar. Ni ban tabbatar ba, kuma saura ƙiris in biya da ran ɗiyata.